Yanda na saita kebul ɗin hitar motata har esi ya dawo da sanyinsa

Motata Honda Accord ce ta 1996, irin wadda wasu ke ce wa Bullet wasu kuma Bulldog, 'yar Amurka mai inji lita 2.2, kuma duk wanda ya taɓa riƙe irinta ya san esinta ba na wasa ba ne in dai lafiyarsa ƙalau. To tawa tun wajen ƙarshen sanyi ta tsiro da wani hali, da safe in ka tada ta ka kunna esi za ka ji sanyi mai daɗi, amma da inji ya ɗau zafi, kamar a ce ka taso daga Hotoro kafin ka kai Kabuga, sai iskar ta koma salam, ba zafi ba sanyi, fanka na ta hurawa amma gumi kake. Lokacin ban damu sosai ba tunda garin bai gama buɗewa ba, sai da Afrilu ta shigo, zafin Kano ya haura digiri 40, sannan abin ya zama ba a iya jurewa, musamman in an ɗauko yara daga makaranta da rana tsaka ga cunkoso ga sitiyari kamar ya ƙona maka hannu.

Na je wajen masu esi kamar yanda kowa zai yi. Wani ya ɗora gejinsa ya ce gas bai yi ƙasa ba amma a ƙara kaɗan a gani, ni kuma na ƙi, saboda gas ɗin R134a da motar ke amfani da shi yana da ma'auni, in ya yi yawa sanyin ma raguwa yake kuma kwamfiresa ke shan wahala. Wani ya ce kwamfiresan ne ya gaji a sayo na Beljiyam. Wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda ya ce min, Alhaji ai hita ce ke shigo maka da zafi, kawo kuɗi kaɗan mu cire tiyon biyu mu haɗe su a waje, shikenan an rabu da ita, wa ke buƙatar hita a Kano. Ya gano ciwon amma maganinsa ne ban yarda da shi ba, kuma wallahi wannan maganar ta wa ke buƙatar hita tana ɓata min rai duk sanda na ji ta, domin motoci da yawa a garin nan haka aka yi musu, an kashe abu mai amfani saboda ba a son a durƙusa a duba ƙarƙashin dashbod na minti kaɗan.

Ni ina buƙatarta. Ina bin hanyar Jos saboda 'yan uwa, kuma duk wanda ya taɓa barin Kano bayan asuba a watan Disamba ko Janairu ya bi ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya nufi Saminaka, ya san irin sanyin da ke shiga ƙashi, ga tsohuwa a baya da ƙananan yara. Wannan ma ƙarami ne akan na damina. In ana ruwa a watan Agusta mota cike da mutane gilasai a rufe, numfashi kaɗai ya isa ya rufe maka gilashin gaba da hazo daga ciki, ka ga direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana goge gilashi da tsumma ko da hularsa, a kan titin da tirela ke tahowa. Abin da ke share hazon nan da sauri shi ne ka kunna esi ya busar da iskar, ka ɗan murɗa zuwa zafi, ka danna maɓallin da ke tura iska kan gilashi, cikin ɗan lokaci ya washe tas. In an cire hita an rage maka rabin wannan. Sannan ranar da inji ya fara ɗaukar zafi a hanya, allura na hawa, hitar nan ƙaramin lagireto ce ta biyu, ka kashe esi ka buɗe ta gaba ɗaya ka ƙure fanka ka sauke gilasai, tana janye wani zafin daga inji har ka samu wajen tsayawa. Ban ce ba a taɓa haɗe tiyon ba fa, in ƙaramin lagireton na ciki ya huje, kafet na jiƙewa ta gefen fasinja, kana jin wani wari mai zaƙi zaƙi, gilashi na yin maiƙo, to wannan dole ce kafin a samu wani. Amma nawa ba ya yoyo ko ɗigo.

Wani dattijon bakanike ne a unguwarmu, wanda tun ina yaro yake gyaran Honda, ya nuna min bakin zaren. Na same shi da yamma na ce Baba ga abin da ake ciki. Bai ce komai ba ya ce in bar ta a kunne in buɗe bonet, in sa nob ɗin zafi da sanyi a ƙarshen shuɗi. Ya taɓa bututun esi mai kauri, ya ce taɓa ka ji. Sanyi ƙarara har yana raɓa. Ya ce to esinka ba shi da laifi yaro. Sai ya zura hannu bayan inji, jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, inda tiyo biyu baƙaƙe suka shige ciki, ya taɓa da bayan yatsa ya janye da sauri, duka biyun zafi zau. A jikin ɗaya daga cikinsu akwai wani ɗan bawul mai hannu da siririyar waya maƙale da shi. Ya sa doguwar sukundireba ya tura hannun bawul ɗin, sai ga shi ya ƙara matsawa kamar faɗin ɗan yatsa. Ya ce ka gani, kai ka rufe daga ciki amma nan bai rufu ba. Ya ce kebul ne ya zame, aikin da za ka iya da kanka ne in kana da haƙuri, bayana ba zai bar ni in kwanta ƙarƙashin dashbod ba yanzu. Ya faɗa min tsarin da ake bi daki daki, na tafi.

Ga yanda abin yake aiki, don sai ka gane shi kafin ka taɓa. Ruwan da ke zagaya inji yana ɗaukar zafi sosai, sama da digiri 80 in inji ya daidaita, kuma wani ɓangarensa yana bi ta tiyon nan ya shiga ƙaramin lagireton da ke cikin akwatin roba a tsakiyar dashbod. Iskar da fanka ke turowa tana fara bi ta wajen sanyaya ta esi da ke bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, sannan ta iso wata 'yar ƙofa, ƙofar ce ke yanke hukunci, ko iskar ta wuce kai tsaye da sanyinta ko ta ratsa lagireton zafi ko a raba ta biyu. A wannan Accord ɗin nob ɗin da kake murɗawa ba lantarki ba ne, kebul ne ke fita daga bayansa ya je ya kama hannun ƙofar a ƙasan akwatin, daga wannan hannun kuma wani kebul na biyu ya tashi ya huda bango ya fita wajen inji ya kama bawul. Murɗawa ɗaya, aiki biyu. Kebul ɗin kansa irin na birkin keke ne, waya a ciki riga a waje, sai dai wayar wannan ƙarfe ɗaya ne mai tauri saboda tana ja kuma tana turawa. Sirrin duk yana wajen rigar, dole ta tsaya cak a cikin kilif ɗin da ya cije ta, in ta zame ko kaɗan ne to wayar ba za ta ƙara kai ƙofa ko bawul ƙarshen tafiyarsu ba, nob ya nuna maka shuɗi amma ƙofa a ɗan buɗe, ruwan zafi na ta wucewa. Maɓallan da ke tura iska fuska ko ƙafa ko gilashi kuwa a tawa ƙaramin moto ne ke juya su, babu ruwansu da wannan aikin.

Ranar Asabar da safe na yi shi, inji ya kwana a kashe ya huce sarai, wannan ba abin wasa ba ne saboda hannunka zai shiga tsakanin tiyo da ƙarfe. Kayan aikin ba su da yawa, tocilan, sukundireba mai faɗin baki, filaya mai dogon baki, gwangwanin WD-40, ɗan giris, tsumma, da maka ta rubutu. Sai ƙanina da na taso daga barci, tunda ba za ka iya kasancewa a ciki da waje lokaci ɗaya ba.

Kafin in cire komai na sa shi ya zauna a kujerar direba yana murɗa nob daga ja zuwa shuɗi a hankali, ni kuma ina leƙen bawul. Wannan ne ya nuna min ɓangaren da hannun bawul ke nufa in za a rufe, na yi alama da maka a jikin ƙarfen, don in ka cire waya ka manta ina ne rufe ina ne buɗe za ka iya saita shi a juye. Yana cikin murɗawa ya ce Yaya nob ɗin nan fa yana wuce wuri, kamar yana juyawa shi kaɗai a ƙarshe. Na ce ja shi waje mu gani. Ya zare shi, ai kuwa wuyan robar da ke shiga kan sandar ya tsage daga sama har ƙasa, siririyar tsaga kamar gashi amma in ka matsa sai ta buɗe baki. Sandar tana da gefe ɗaya a shafe don nob ya kama ta, to in wuyan ya tsage sai ya dinga sulɓewa a daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfi, wato a ƙarshen rufewa. Wannan ciwo ne sananne a Accord na 1994 zuwa 1997, kuma ba haka kawai yake tsagewa ba, bawul ne ke yin tauri mutum ya dinga murɗawa da ƙarfi. Na zare nob na fanka na gwada a wajen ya shiga daidai, da shi muka yi aikin.

Sai na koma wajen bawul. Kilif ɗin ɗan ƙarfe ne mai tsalle, ka sa bakin sukundireba ta gefe ka ɗaga a hankali, ka dafe shi da yatsa don in ya fice ya faɗa ƙarƙashin inji nemansa wani aikin ne. Da ya buɗe na ɗago rigar na haska da tocila, nan na ga shaidar abin da Baba ya faɗa da idona, haƙoran kilif sun bar tsohon cizo mai zurfi a jikin robar, sannan ga wani dogon karce daga wajen cizon zuwa inda take zaune yanzu, wato a hankali aka dinga jan ta tana zamewa. Na yi wa tsohon cizon alama. Na zare zoben bakin wayar daga ɗan ƙusan da ke hannun bawul, sai na gwada juya hannun da yatsa. Ƙi ya yi. Sai da na sa filaya ya motsa yana ƙara ƙiiit, gindinsa duk jar ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙo ta daskare ta zama kamar laka busasshiya. Na kankare da tsinke da tsohon buroshin haƙori, na fesa mai a gindin sandar, na dinga kai shi na dawo da shi, in goge in ƙara fesawa, har sai da ya koma yatsa ɗaya na iya tura shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A nan na fi daɗewa kuma ina ganin nan ne asalin gyaran, domin in ka saita kebul ka bar bawul da taurinsa, wata ɗaya ko biyu rigar za ta sake zamewa sabon nob ya sake tsagewa. Kar a buga shi da guduma ko a murɗe da ƙarfin tsiya, jikinsa ba ƙarfi gare shi ba, in ya fashe ruwan inji ne zai tsiyaye. Na kuma duba ƙasansa ko akwai farin gishiri gishiri ko kore da ke nuna yoyo, akwai ɗan alama kaɗan a bushe amma babu danshi.

Tunda wayar na sake, na ce ƙanina ya ƙara murɗawa. Ya ce yanzu kam laushi kamar ba komai. Na ɗiga mai a bakin rigar ya dinga murɗawa yana shiga ciki, baƙin ruwa na fitowa ina gogewa. Na bi rigar da hannu har inda ta shige bango in ji ko ta karye ko ta lanƙwashe, don in wayar ciki ta taɓa tanƙwarewa sosai ba ta ƙara turawa daidai, sai dai a nemo wani kebul ɗin a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Tawa lafiya lau.

Yanzu sai na ciki, wanda shi ne mai cin baya. Na tura kujerar fasinja baya har ƙarshe, na shimfiɗa tabarma a ƙasa ta waje, na kwanta rabin jikina a mota rabi a waje kai a inda fasinja ke sa ƙafa, tocila a baki. In ka kalli ƙasan akwatin hita ta wajen tsakiya za ka ga hannun da kebul biyun suka haɗu, kowanne da kilif ɗinsa. Ƙura ce ta fara zubo min a ido, wanda zai yi ya sa tabarau. Na ce a murɗa, na ga hannun na tafiya amma yana tsayawa kafin ya kai wajen da ya kamata ya daki matsayarsa, na sa yatsa na ƙarasa shi sai na ji ƙofar daga ciki ta ce ɗif, ta zauna a kan sosonta. Ashe nan ma akwai saura. Wato zafi ta hanya biyu yake shigo min, bawul bai rufe ba ƙofa ma ba ta rufe ba.

Tsarin da na bi shi ne wanda aka faɗa min, daga nob zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bawul, ba a farawa daga waje. Na buɗe kilif na kebul ɗin da ya taho daga nob. Na ce ƙanina ya kai nob ƙarshen shuɗi ya riƙe shi kar ya saki. Na tura hannun ƙofa har ya daki matsaya na danne da babban yatsa, zoben wayar na kan ƙusansa, sai na kama rigar da ɗaya hannun na ja ta a hankali don in kwashe sakin da ke ciki. Wannan jan shi ne wajen da ake ɓata aiki, ba ja ne na ƙarfi ba, ka ja har ka ji wayar ta miƙe ta daina wasa, amma kar ya kai ga nob ya fara motsi a hannun wanda ke riƙe da shi. Na ce masa da ka ji yana son juyawa ka yi magana. Ya ce Yaya tsaya, ya motsa. Na ɗan mayar, ya ce yauwa. A nan na danna kilif ya ce ƙas. Hannu biyu gare ka aiki kuma na hannu uku ne, ga tocila a baki ga wuya ya ƙage, sai ka yi dabara ka tokare hannun ƙofar da gefen tafin hannu. Na duba kebul na biyu a nan cikin, rigarsa na zaune daram a wajenta, ban taɓa shi ba, saitinsa ta waje ake yi.

Muka gwada kafin in fito. Shuɗi, ƙofa ta ce ɗif. Ja, ta tafi ɗaya ƙarshen ta ce ɗif. Abin da ake nema kenan, ƙara a duka ɓangarorin biyu, in ɗaya kawai kake ji to rigar ta yi gaba ko ta yi baya da yawa, a buɗe a matsar kaɗan.

Na fito na miƙe baya na koma bonet. Nob a ƙarshen shuɗi, a riƙe. Na tura hannun bawul zuwa alamar da na yi ta rufewa har ya tsaya, na riƙe, na maida zoben waya kan ƙusa, na ja rigar a hankali kamar yanda na yi a ciki, na kwantar da ita a mazauninta. Abin da ya faranta min rai, sai ga tsohon cizon nan ya faɗo daidai ƙarƙashin haƙoran kilif, inda masu ƙera motar suka sa shi tun farko. Kilif ɗin ya ɗan saki saboda tsufa, na matse shi kaɗan da filaya kafin in danna, na ƙara ɗaure bayansa da siririn abin ɗaure waya na roba don kar rigar ta samu hanyar ja da baya. Na shafa giris kaɗan a kan ƙusan da zoben, kaɗan fa, mai yawa ƙura yake kira.

Sai gwaji na gaskiya. Ban buɗe tiyo ko ɗaya ba don haka ba ruwan da ya zube ba iskar da ta shiga, amma duk da haka na duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi, wanda bai sani ba ya sani, ba a buɗe murfin lagireto inji da zafi, ruwan a matse yake zai yi tsalle ya sale maka fuska. Na tada ta na bar ta har allura ta hau wajenta fankar lagireto ta kama ta saki. Na taɓa tiyon da ke bayan bawul, wato ɓangaren da ya shige cikin mota, ɗumi ɗumi kawai wanda yake samu daga zafin wajen, na gaban bawul kuwa ba ya taɓuwa. Aka murɗa ja, kafin minti ɗaya na bayan ya ɗau zafi, ƙanina daga ciki ya ce kai Yaya wannan ai gashi ne, ya buɗe ƙofa. Aka mayar shuɗi aka kunna esi. Ba nan take sanyin ke zuwa ba, sai ruwan da ya rage a ƙaramin lagireton ya huce, wannan ma yana ruɗa mutane su ce gyara bai yi ba, a ba shi 'yan mintuna. Da ya zo kuwa ya zo, irin sanyin da in ka ɗora hannu a bakin iskar yatsu ke fara ciwo, lafiyayyen esi yana iya fitar da iska ƙasa da digiri 10 kuma na tabbata mun kai nan. Bayan azahar na fita da ita cikin rana na shiga cunkoson wajen Kantin Kwari da gangan, sanyin bai sauka ba.

Wani abu da ya shafi wannan gwajin, in an cire wa motarka tamostat, ɗan abin da ke tare ruwa kar ya tafi lagireto sai inji ya ɗau zafi, kamar yanda aka saba yi a nan da sunan wai ƙasarmu da zafi, hita ba za ta taɓa yin zafin kirki ba a lokacin sanyi ko da kebul ɗinka daidai yake, saboda inji ba ya kaiwa zafin aikinsa da wuri, a doguwar hanya da asuba ma allura ƙasa take komawa. Na Honda irin wannan yana fara buɗewa wajen digiri 78. Sanda na sayi motar babu shi, na sa aka mayar, kuma tunda lagireto da fanka lafiyarsu ƙalau ba ta taɓa yi min zafi ba saboda shi, mai ma ta rage sha.

Ba duk mota ce ke da bawul ɗin nan a waje ba. Golf 3 misali, da ta cika tashoshinmu, ruwan zafi kullum yana zagaya ƙaramin lagireton, ƙofa ce kaɗai ke tare shi, shi ya sa in kebul ɗinta ya zame ko soson jikin ƙofofin ya ruɓe zafin ya fi tsanani, kuma masu ita sun san baƙin soson nan da ke fitowa guntu guntu ta bakin iska ya zuba a riga. A irinta har juya iska zuwa ƙafa ko gilashi ma da kebul ne, don haka in ka murɗa zuwa gilashi iska na fita ta ƙafa, wajen da za a duba kenan. Tsarin dai ɗaya ne ko'ina, ka kai nob ƙarshe, ka kai abin da yake ja ƙarshe da hannunka, ka kwashe saki, ka danna kilif. Sabbin motoci masu allo da lambobi kuwa ƙananan moto ne ke juya ƙofofin, in ka ji ƙas ƙas ƙas a cikin dashbod haƙoran moton ne suka cinye, wannan wani aikin ne daban.

Ranar Litinin na shiga Ƙofar Ruwa na samo nob na jikin wata da aka farfasa, na haska wuyansa da wayata kafin in biya don da yawansu su ma a tsage suke, na mayar da na fanka wajensa. Na biya ta wajen Baba na gaya masa, ya leƙa ya taɓa rigar ya jijjiga ta ya ce ta zauna. Ya ƙara min da cewa ko a tsakiyar bazara ne in dinga murɗa nob ɗin daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ɗaya a sati, saboda abin da ke kashe bawul ɗin a ƙasar nan zama ne, wata tara yana waje ɗaya ba a taɓa shi ƙura na hawa, sai sanyi ya zo a murɗe shi da ƙarfi. Ya ce kuma in daina bari a zuba min ruwan rijiya zalla a lagireto, shi ke cin bawul da ƙaramin lagireton daga ciki da tsatsa. Wannan busasshen alamar yoyon da na gani a ƙasan bawul ina sa masa ido duk sanda na duba mai, kuma na riga na sayi wani bawul ɗin na ajiye a but, in lokacin canza ruwan lagireto ya yi kafin damina za a sa shi gaba ɗaya tunda dama sai an zubar da ruwan, saitin kebul ɗin kuma ni zan yi abina.